Kalmar da Kyaftin Ya Haramta

SHAFI NA 27

Masu cika mini waya da "wai Auta ta maƙale a sama ne?", ku kwantar da hankalinku, tana nan da ranta. Ku matso ku ji.

*

Tayoyin Gwaggo suka taɓa titi, ƙiiit, ko girgiza babu.

Gwaggo dai ita ce tsohon jirgin makarantar koyon tuƙin jirgin sama, mai inji ɗaya da kujeru biyu, wadda ba ta yarda ta tashi da safe sai ta yi tari sau uku ta yi mita.

Auta ta ja totur baya, ta taka birki a hankali. Sauka ta huɗu ke nan a safiyar nan, kuma ko maƙiyinta ba zai kushe ɗaya ba. Ta saci kallon Kyaftin, malaminta, ta wutsiyar ido. Ƙa'ida ita ce, in ɗalibi ya nuna, malami zai ce a tsaya a gefen titi, ya cire abin kunnensa, ya buɗe ƙofa ya fita, ya bar ka daga kai sai jirgi sai Ubangijinka. Shi ake cewa malami ya sake ka.

Hannun Kyaftin ya tafi wajen abin kunne.

Auta ta zuba masa ido.

Ashe kunne zai sosa.

"Mu koma rumfa," in ji shi. "Iska ta fara."

Iska? Jama'a, wace iska? Buhun nan mai ruwan lemo da ke rataye a kan sanda don nuna inda iska ta dosa, ga shi can ya yi laƙwas kamar tsumman goge-goge. Ko ganye ba ya motsi.

"To, Kyaftin," ta ce, haƙoranta a cije.

Tana jan Gwaggo zuwa rumfa idonta na kan waya, wato shingen da ya raba filin da wajen ajiye motoci. Motarta na can ƙarƙashin bishiya, gilasai a rufe. Yaya, wanta, na ciki. Asabar ta uku ke nan tana ɗauko shi, ta naɗe kekensa na guragu ta sa a but, shi kuma ya ƙi fitowa. Shekara tara rabonsa da shiga filin nan, tun ranar da aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, bayansa a karye. A makarantar nan ya koyi tuƙi, a hannun Kyaftin ɗin nan. Auta ba ta taɓa gaya wa kowa a nan cewa ita ƙanwarsa ce ba.

Maganar da ya yi mata a hanya da safe ita ke ta ci mata rai.

"Yau ce ta ƙarshe, Auta. Kar ki ƙara ɗauko ni."

"Haba Yaya."

"Kyaftin ba ya kuskure. In ya ƙi sakin ki, abin da ya gani a jikina ya gani a jikinki. Mu jininmu haka yake, in ta yi zafi sai mu saki. Ki haƙura tun kina tafiya da ƙafafunki."

Ta kashe inji a bakin rumfa. Farfela ta yi juyi biyu ta tsaya. Kyaftin ya fita bai ce mata ko sannu ba, ya nufi ofis yana jan ƙafarsa ta hagu.

Baba Makaniki ya fito daga ƙarƙashin fiffike yana goge hannu.

"Yau ma ya ƙi sakin ki?"

"Ya ƙi, Baba."

"Ikon Allah. Mata na kuka an sake su, ke kina kuka an ƙi sakin ki. Duniya ta juya."

"Baba, wallahi yau ba na jin wasa."

"Ai na gani. Bakin nan naki za a iya rataye masa bokiti. Amma mu yi a hankali da kalmar nan, kin san haramun ce a nan."

Kowa ya sani. Doka ta farko a allon ofis, da jan alli: A CIKIN JIRGI BA A CEWA SAKE. In sauka ta ɓaci ana so a ƙara tashi a zagayo, cewa ake "Wuta!" Duk ɗalibin da bakinsa ya suɓuce, sai ya kwanta ya wanke cikin Gwaggo da soso. Auta ta wanke sau biyu. Ɗalibai sun ɗauka rigimar tsufa ce kawai.

Ta miƙa wa Baba abin kunnenta.

"Ina za ki?"

"Ofis."

"Ke, Auta! Ba a shiga masa in ya rufe ƙofa."

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

*

Fanka na juyawa tana ƙara. Kyaftin na tsaye ya ba ƙofa baya, yana zuba ruwan zafi a kofi. Bango cike da hotunan ɗaliban da ya saka, kowa tsaye a gaban Gwaggo yana washe baki.

"Kyaftin, ina da magana."

"Sai Asabar."

"Ba ni da wata Asabar."

Ya juyo, ya dube ta ta saman gilashi.

"Saukata nawa ka ƙirga?" ta ce.

"Ba na ƙirgawa."

"Ni na ƙirga. Ɗari da goma sha biyu. Dogon nan da muka fara tare, a ta sittin ka sake shi, kuma da idona na ga yadda ya faɗo kamar buhun siminti."

"Shi daban."

"Da me ya fi ni? Don ni mace ce?"

"Mata bakwai ne a bangon nan. Ki ƙirga, tunda kin iya ƙirga."

"To mene ne?"

Ya juya cokali a kofi, ya juya, ya juya, alhali ko sukari bai sa ba.

"Na taɓa mantawa da duba mai?"

"A'a."

"Na taɓa shigowa a karkace?"

"A'a."

"To tsoro ka gani a jikina?"

Muryarta ta karye a kan kalmar. Ta ji haushin kanta, don ta rantse ba za ta yi kuka a gaban mutumin nan ba.

"Wa ya ce miki tsoro?"

"Ka faɗa mini gaskiya, don Allah. In na gado ne in sani, in tattara in tafi."

Cokali ya tsaya.

Sai da kalmar ta fita ta gane abin da ta yi. Na gado. Magana zarar bunu ce.

Kyaftin ya ajiye kofin. Ya ja kujera ya zauna kamar wanda aka ɗora wa kaya.

"Ki je ki ce masa ya sauke gilashin motar. Zafi zai illata shi."

Auta ta ɗago da sauri.

"Wa?"

"Yarinya, na haife ki. Tun ranar da muka fara tashi tare na gane ki. Kuna cije leɓe iri ɗaya in kun juyo kan titi. Kuna riƙe totur da yatsu uku. Kuma Asabar uku ke nan ina kallon motar can ta tagar nan."

"Ka sani, ka yi shiru?"

"Ke ma ai shirun kika yi."

Ta dafa bayan kujera.

"Na ɓoye ne don kar ka ce ƙanwar wanda ya jefar maka da jirgi ce. Amma wallahi Yaya bai taɓa riƙe ka a rai ba. Kullum cewa yake kai ka jawo shi daga cikin ƙarfe da ƙafarka a karye. Har yau in ya yi addu'a sai ya sa ka."

"Ki ce ya daina."

"Na'am?"

"Ki ce ya daina sa ni!"

Yadda ya daka tsawar sai da kofi ya motsa a kan tebur. Watanni takwas tana tashi da mutumin nan kafaɗa da kafaɗa, ba ta taɓa jin ya ɗaga murya haka ba sai yau.

"Me aka gaya muku ya faru?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Abin da ke cikin takarda. Jirgi ya yi tsalle wajen sauka, ɗalibi ya firgita ya saki sitiyari."

"Shi fa? Me ya ce?"

"Ba ya tuna komai. Ya tuna ya juyo kan titi, sai ya farka a asibiti."

Kyaftin ya cire gilashinsa.

"Zauna."

"A tsaye ma ina ji."

"Ranar ma Asabar ce," ya ce. "Sauka uku ya yi, kowace ta fi 'yar'uwarta kyau. Ban taɓa koyar da mai hannu irin nasa ba, har yau, har ke. Na yanke a raina daga ta huɗu zan fita in bar shi. Har na ɗora hannayena a cinya don ya ga na yarda da shi."

Auta ba ta ko ƙifta ido.

"Ya shigo da ɗan gudu. Tayoyi suka daki ƙasa, jirgi ya yi tsalle. Ba wani abu ba ne, kowa na yi, ke ma kin yi. Maganinsa mene ne?"

"A ba shi wuta, a tashi a zagayo."

"Shi ke nan. Da masu hasumiya Turanci muke yi, amma a cikin jirgi ni da Hausa nake koyarwa, don tsoro ba ya jin Turanci. Sai na buɗe baki na ce..."

Bakin ya buɗe, amma babu abin da ya fito.

Idon Auta ya tafi kan allo da kansa. Jan alli. Doka ta farko.

"Sake," ta ce a hankali.

Ya runtse ido.

"Sake. Sake shi. Haka na ce, sau biyu. Saukar nake nufi. Ya sake ta, ya maimaita."

"Shi kuma ya ji..."

"Inji na ruri, abin kunne na shuu, wa zai tsaya auna tsawon wasali? Yaro ne mai biyayya, in na ce tsaya, kafin in rufe baki ya tsaya. Ya ɗauka cewa na yi ya sakar mini jirgin. Ya ɗaga hannayensa biyu haka." Kyaftin ya ɗaga nasa, tafukan a buɗe. "Ya ce, 'Na sake shi, Kyaftin.' Da natsuwarsa ya faɗa. Ni kuma hannuna na cinya."

"Inna lillahi..."

"Daƙiƙa biyu jirgi ba shi da mai shi. Kafin in cafko, hanci ya riga ya tafi ƙasa."

Fanka ta ci gaba da ƙararta. A waje Baba Makaniki na buga wani ƙarfe, ƙwan, ƙwan.

"Ba firgita ya yi ba," in ji Auta.

"Ko kaɗan."

"Umarninka ya bi."

"Umarnina ya bi."

"Takardar fa?"

"Masu bincike suka tambaye ni me ya faru. Na ce ɗalibi ya saki sitiyari. Ban yi ƙarya ba."

"Ba ka kuma faɗi gaskiya ba!"

"Na ce a raina in ya farfaɗo zai tona ni, in huta. Na zauna ina jira. Ya farfaɗo, bai tuna ba." Ya jawo aljihun tebur, ya fito da wata takarda da ninki ya cinye gefenta. "Sai ga wannan. Haƙuri yake ba ni. Wai ya ba ni kunya."

Rubutun Yaya ne. Ko daga nesa ta gane shi.

Ba ta san lokacin da ta doki teburin ba.

"Shekara tara! Ka san mene ne shekara tara? Ba keken ne ya kashe Yaya ba, keke ai ya saba da shi, har wasa yake da yaran unguwa a kai. Kalmar nan ce. Matsoraci. Da bakinsa yake kiran kansa haka. Shi ya ce wa wadda zai aura ta tafi, wai kar ta haifi irinsa. In jirgi ya wuce ta saman gidanmu sai ya ƙara ƙarar rediyo. Ummarmu ta tsufa a kan idona. Kai kuma kana nan kana rubuta doka da jan alli, kana sa mu wanke cikin Gwaggo!"

Bai ɗago ba.

"Duk abin da kika faɗa, na cancanci fiye da shi."

"Ni ba wannan na zo ji ba. Me ya sa ka ƙi saki na?"

"In na fita na bar ki, wani abu ya same ki... gida ɗaya, sau biyu, a hannuna?"

Ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Ashe dai akwai tsoro a cikin jirgin. Ni ina ta neman sa a jikina, ashe a kujerar dama yake zaune."

Ba a taɓa gaya wa Kyaftin magana irin wannan ba. Ya haɗiye ta.

"Zaɓi biyu ne," ta ce. "Ko ka tashi ka je ka gaya masa yanzu, ko ni in je."

"Zan gaya masa. Da bakina."

"Yaushe? Bayan wata shekara tara ɗin?"

"Yau. Amma ki bari sai kin sauka. Abin da ya zo gani ke nan. In na gaya masa yanzu, da wane ido zai kalle ki a sama?"

Ta tsaya.

"Sai na sauka?"

Ya miƙe, ya zaro oba-oba, rediyon magana da jirgi, daga caji, ya rataya a wuya.

"Zagaye ɗaya. Tashi ɗaya, sauka ɗaya. Miƙo hannunki in gani."

Ta miƙa. Ta tattara duk ƙarfinta ta hana shi rawa.

"Je ki duba jirginki."

*

Baba Makaniki bai so ba.

"Mai fushi ko keke ba a ba shi, balle Gwaggo. Dubi idonki."

"Ƙalau nake, Baba."

"Ƙalau ɗin gidanku. Sha ruwan nan, ki zauna minti goma."

Ta sha, amma zama ya gagara. Ta zagaya jirgin, ta leƙa tankin mai, ta shafa farfela, ta girgiza fiffike, ta duba tayoyi. Ta koma ta ƙara leƙa tankin da ta riga ta leƙa.

"Baba, ga makullin mota. Kekensa na but. Ka ce masa an sake ni."

"Keken wa?"

"Za ka gane shi."

Baba ya kalli makullin, ya kalli motar, ya kalli ƙofar ofis. Fara'ar fuskarsa ta ɗauke. Ya nufi wajen motar.

Ta shiga ta ɗaura bel. Kujerar dama wayam, ta ɗaure bel ɗinta ita ma don kar ya yi lilo. Ta buɗe 'yar taga ta yi ihu a kauce wa farfela. Gwaggo ta yi tarinta uku ta kama.

Tana jan jirgin zuwa bakin titi ta hango su. Baba na turo keke a kan ciyawa. Yaya ya fito! Ya sa hannu ya kare rana, kansa a sunkuye kamar mai laifi. Kyaftin ya tako ya tsaya a gabansa. Ta ga Yaya ya kama hannun tsohon da hannu biyu, yana ta magana. Ko ba ta ji ba ta san haƙuri yake bayarwa.

Ta kau da kai, don in ta ci gaba da kallo ba za ta ga titi ba.

Sai ta lura da buhun iska. Ɗazu da aka yi ƙarya da sunansa yana kwance. Yanzu ya ɗaga rabin jikinsa, yana kaɗawa yana faɗuwa.

"Auta, kina ji na?" Muryar Kyaftin a kunnenta.

"Ina ji."

"Iska kaɗan daga dama. Ba ta fi ƙarfinki ba. Ki tuna babu nauyina, za ta tashi da wuri, kuma za ta yi miki gardamar sauka. In kin shirya, titi naki ne."

Ta yi bisimilla, ta tura totur har ƙarshe.

Gwaggo ta zabura. Titi ya fara gudu a ƙarƙashinta, allurar gudu ta hau, ta hau, Auta ta ɗan ja sitiyari, sai ga ƙasa ta saki tayoyi tun kafin inda ta saba. Kai! Tsohuwa ta koma budurwa. Hawa take kamar an kore ta.

Auta ta waiga dama don ta ga ko Kyaftin ya yarda da hawan.

Babu kowa.

A nan ne abin ya shige ta sosai. Daɗi da tsoro suka haɗu suka cika mata ƙirji, har ta ji tana dariya ita kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

"Na tashi, Yaya," ta ce, ba tare da ta danna maɓallin magana ba.

Ta karya hagu. Ta ƙara karyawa hagu, titi ya dawo gefenta, siriri kamar zare. Ga su can, ɗigo uku a kan ciyawa, biyu a tsaye ɗaya a zaune.

Tashi ai kowa ma ya iya, haka Kyaftin ke cewa. Sauka ita ce karatun.

Ta rage wuta. Ta sauke leɓen fiffike mai rage gudu mataki ɗaya, jirgi ya ɗan yi tsaye, ta danna hanci. Ta karya. Mataki na biyu. Ta ƙara karyawa, titi ya miƙe a gabanta ɗoɗar.

Ta ji haƙoranta a kan leɓenta.

Kuna cije leɓe iri ɗaya.

Ta saki leɓen da sauri.

A nan Yaya ya juyo ranar. Daidai nan tunaninsa ya tsaya.

"Ki fita daga kaina," ta ce wa zuciyarta. "Ba yanzu ba."

Allura ta wuce inda ya kamata da kaɗan. Ta rage wuta. Har yanzu da gudu. Gwaggo babu nauyi, ta ƙi sauka, sai shawagi take. Iska ta bugo daga dama ta ture ta, Auta ta kwantar da fiffiken dama ta taka fedar hagu, ta dawo tsakiya.

"Da kyau," in ji Kyaftin. "Ƙarshen titi za ki kalla, ba hancin jirgi ba."

Shingen waya ya wuce ta ƙasa. Farkon titi ya wuce. Ta ja totur baya gaba ɗaya, ta fara ɗaga hanci a hankali. Gwaggo na yawo a saman kwalta, taku biyar, taku huɗu, ta ƙi zama. Titi na ƙarewa. Ta wutsiyar ido ta ga keken ya wuce fuuu.

Idonta ya bi shi. Na ƙiftawa ɗaya kawai.

Iskar ta ɗauke.

Dum!

Tayoyi suka daki ƙasa har haƙoranta suka haɗu. Gwaggo ta yi tsalle sama, hanci a ɗage, babu wuta, babu gudu, gilashin gaba cike da sararin sama.

Abin kunne ya fashe da ihu.

"Sake! Sake shi! SAKE SHI!"

Jama'a, shekara tara mutumin nan yana tsare bakinsa, ya rubuta doka, ya hukunta ɗalibai. Amma da ta yi zafi, tsohon harshe ne ya fito.

Kuma wallahi yatsun Auta sun buɗe. Da kansu suka buɗe. Wata takwas jikinta na koyon bin muryar nan kafin ƙwaƙwalwa ta yi tunani. Ta ji sitiyari na zamewa daga tafinta, hanci ya fara rusunawa, kwalta ta leƙo ta ƙasan gilashi.

Ashe haka ne. Ashe haka ya ji.

"Wuta!" ta yi wa kanta ihu.

Ta damƙe sitiyari. Ta danna totur da tafin hannu har ya bugi allo. Inji ya yi ruri, jirgi ya karkata hagu, ta take fedar dama da duk ƙarfin ƙafarta. Ta riƙe hanci daidai, ba sama ba ƙasa. Gwaggo na rawa, ƙasa na matsowa, na matsowa, sai ta tsaya. Tayoyi suka shafi iska a saman kwalta. Allura ta motsa. Ta hau.

Ƙarshen titi ya wuce ta ƙasa, sai bishiyoyi.

Ta ɗage leɓen fiffike mataki-mataki kamar yadda aka koya mata. Rigarta ta jiƙe sharkaf.

Ta danna maɓalli.

"Kyaftin, na zagaya. Zan ƙara shigowa."

Shiru.

"Kyaftin?"

Shuuu kawai.

Ta karya hagu, ta leƙa ƙasa. Ɗigo uku suna nan, amma yanzu ɗaya ne a tsaye. Ɗaya na kan keke. Na ukun ya durƙushe a kan ciyawa.

Abin kunne ya yi ƙwas. Ta ji numfashin mutum, mai nauyi.

"Auta."

Ba muryar Kyaftin ba ce.

"Yaya?"

"Me ya ce miki yanzu?"

Auta ta ƙara damƙe sitiyari.

"Yaya, ka bari in sauka, sai mu..."

"Na ji da kunnena, a gefena yake. Na san kalmar nan, Auta. Na san muryar da aka faɗe ta da ita. Na ɗaga hannuna. Na ce masa na sake shi. Na tuna. Na tuna duka."

Hawaye suka rufe mata titi. Ta goge da kafaɗa, don ba ta da hannun da za ta ba su.

"Ba tsoro ka ji ba, Yaya."

"Ba tsoro na ji ba."

Ya faɗe ta a hankali, kamar yana ɗanɗana ta.

Iska ta girgiza Gwaggo. Buhun can ƙasa ya miƙe sosai yanzu, ya cika tam. Ga titi a gefenta, ga wurin rage wuta na matsowa, kuma dole dai sai ta sauka.

"Ina Kyaftin? Ba shi oba-obar, iska ta ƙaru."

"Ya jefar da ita. Kuka yake, ko kalma ɗaya ba ya iya haɗawa."

"To wa zai..."

"Allurarki nawa take nunawa?"

"Yaya..."

"Ke, ina tambayar ki! Nawa?"

Muryar ta canza. Rabon da ta ji wannan muryar tun tana 'yar makaranta, lokacin da yake dawowa gida da abin kunne rataye a wuya.

"Tamanin."

"Ya yi yawa. Rage wuta, ki riƙe hanci. Kuma ki daina cije leɓen nan, ina ganin ki daga nan."

"Shekara tara ba ka..."

"Na san titin nan fiye da tafin hannuna. Sauka ɗaya nake bin sa."

Ƙwas.

"Riƙe jirginki da kyau, Auta. Ni zan sauke ki."